Buhun Auta

Babanmu mai niƙa ne, kuma a unguwarmu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Inji. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, tsakanin buhunan masara da bel ɗin da ba ya tashi tsinkewa sai layi ya yi tsawo. Na girma ban san ainihin launin girarsa ba, don kullum fara ce fat da gari. Ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, shi ya sa ko sirri zai faɗa wa Umma sai maƙwabta sun ji, har su ba da shawara ta kan katanga. Ni ce babbar 'yarsa. Ɗinki nake yi, shagona yana kallon ƙofar injin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Baba mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce garinki zai fito kafin azahar, to ki zo da kwanonki kafin azahar. Bai taɓa tauye wa kowa awo ba. Matsalarsa guda ce: in ya yarda da abu ya yarda ke nan, ko za a tara masa malaman duniya ba ya saukowa. Wannan halin ne ya ciyar da mu, shi ne kuma ya kusa raba mu da Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, da ita da cikin da ke jikinta.

Sai Baffa, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan shekara bakwai iyayensu suka rasu, Baba ya riƙe shi. Shi ya koya masa inji, shi ya yi masa aure, shi ya saya masa babur. Baffa mutum ne mai fara'a da daɗin baki, irin wanda mace za ta zo da faɗa ta koma tana dariya. Mu ma muna sonsa. Auta kuwa a kafaɗarsa ta girma, 'yar gidana yake ce mata.

Wata shekara wani ofishin kiwon lafiya ya tara masu niƙa aka yi musu bita ta kwana uku. Baba ya dawo da takardar shaida da hula mai baki, da kuma magana da ta fi ƙarfin bakinsa. An faɗa musu cewa mace za ta ci ta ƙoshi amma jininta yana ƙasa, yaro zai cika ciki amma ya ƙi girma, ya riƙa gyangyaɗi a aji, saboda abincin ba shi da sinadarin ƙarfe da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani. An ce mai ciki in ta fara kwaɗayin cin ƙasa, sau da yawa jini ne ya yi kaɗan. Da ya zo nan sai ya juya ya kalli Umma, ya nuna ni.

"Ashe ƙasar da kika riƙa ci da cikin wannan ba kwaɗayi ba ne!"

Umma ta ce, "Shekara talatin kana yi mini gori da ita. Yanzu da masu mota suka faɗa sai ka yarda?"

Bayan mako biyu suka zo suka ɗaura masa wani ɗan ƙaramin inji a saman babban, girmansa bai fi tukunyar miya ba. A ciki ake zuba wata hoda mai ruwan toka, shi kuma yana sakinta kaɗan-kaɗan ta wani siririn bututu tana gauraya da gari. A jikinsa akwai 'yar fitila koriya da ke kyaftawa in yana aiki. Baba ya ƙaunaci injin nan fiye da kima. Yana goge shi da tsumma na musamman, ba ya bari kowa ya taɓa. Macen da ta kawo niƙa sai ta sha wa'azi kafin ta karɓi garinta. Yaro in ya wuce ta ƙofar, Baba zai kamo shi ya ja fatar idonsa ƙasa ya leƙa, ya ce, "Je ka ce wa uwarka ta kawo niƙa nan." Umma ta sa masa suna Dakta, unguwa ta kama.

Dariya muke yi masa, amma gaskiya abin ya yi aiki. Cikin shekara biyu malamar awon ciki ta asibitinmu da bakinta ta ce matan layinmu masu zuwa da ƙarancin jini sun ragu. Ranar da maganar ta dawo kunnen Baba bai ci abincin rana ba don murna. Ya ce shi da bai taɓa zama a aji ba, ga shi yana ƙara wa mutane jini ba allura.

A shekara ta uku ƙirjinsa ya gaza. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, numfashi yana fita da ƙara. Likita ya ce ƙurar garin da ya shaƙa shekara da shekaru ce, kuma in yana son ganin jikoki kada ya sake shiga ɗakin niƙa. Sai ya koma benci a bakin ƙofa, kusa da sikeli, ya bar wa Baffa ciki. Duk ranar Litinin shi da hannunsa yake auna hodar mako ya miƙa wa Baffa. Daga kan bencin, in ya ɗan karkata kai, yana hango 'yar fitilar tana kyaftawa. Wannan ya ishe shi.

A wannan lokacin ne Auta ta samu cikin fari. Gidanta layi biyu ne daga namu. A wurin awo aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, jajayen nan, aka ce kullum ɗaya. Suka riƙa tayar mata da zuciya, suna ɗaure mata ciki. Auta kuwa 'yar lelen Baba ce, ko ƙaya ta taka sai ya ji. Wata rana da hantsi ta zo ta zauna kusa da shi a benci tana ɓata fuska, ina jin su daga shago.

"Baba, wallahi ƙwayar nan za ta kashe ni. Ko warinta na ji sai amai."

"To ki bari mana."

"Malama ta ce dole ne."

"Dole ga wanda ba shi da uba mai inji. Abin da ke cikin ƙwayar shi ne a cikin garina, kuma nawa ba ya sa amai. Duk wata zan aiko miki da buhu. Ki ci safe da rana, ki ga in jini bai zo ba."

Na ajiye almakashi na tsallako. Na ce, "Baba, takardar da suka manna maka a bango fa? Ni na karanta maka ita. An rubuta cewa mai ciki ta ci gaba da shan ƙwayarta ko tana cin garin."

Ya kalle ni ta ƙasan hula. "Ke ɗinki kika sani. Ni na zauna kwana uku a gabansu ko ke?"

Na yi shiru na koma shago. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga kamar in na matsa zan zama mai yi wa uba gardama a bakin titi, kuma a raina na ce ko ba komai garin zai rage wani abu.

Duk farkon wata sai Baba ya sa a niƙa buhu guda daga masarar da ya zaɓa da kansa, ya ɗaure bakinsa da jan zare don kada ya ɓata cikin na mutane. Baffa ne ke ɗora shi a babur ya kai. Har cikin kicin yake shigar mata da shi, ya ce, "'Yar gidana, ga maganinki inji Dakta," su yi dariya.

Cikin yana wata bakwai na je gwada mata riga. Na same ta zaune a ƙasa, tsintsiya a gefe, tana haki, alhali rabin tsakar gida kawai ta share. Leɓenta ya yi fari. Da ta ɗaga hannu zan sa tef sai wani abu ya faɗo daga haɓar zaninta, na duba, ɓarɓashin ƙasar bango ne. Ta sunkuyar da kai. Na ja fatar idonta yadda Baba ke yi wa yaran unguwa, ciki ba ja ko kaɗan. Ashe sau biyu ta tsallake awo, tana tsoron a tambaye ta ƙwaya.

Ban nemi izinin kowa ba, na tari tasi muka tafi asibiti. Malamar awo ta ɗebi jini, ta dawo fuskarta a ɗaure.

"Ina ƙwayoyin da muka ba ki?"

Auta ta ce, "Babana ya ce garinsa ya isa."

Malamar ta wanke mu tas, da ni da ita. Ta ce jinin ya yi ƙasa sosai, haihuwa da irin wannan jinin wasa da rai ne, gado za a ba ta yanzu, kuma mu fara neman masu ba da jini. Sannan ta ce, "Amma ko ba ƙwaya, mai cin garin nan safe da rana bai kamata ta faɗi haka ba."

Da na kai wa Baba labari, abin da ya fara fita bakinsa shi ne injin asibiti ya lalace. Ya ce ba a taɓa yi ba, 'yar Mai Inji da ƙarancin jini. Na ce ya je ya kalli idonta. Ya je, ya dawo jikinsa a sanyaye, amma bakin bai mutu ba. Ya sa na kira masa matar ofishin da ta koya musu aikin, wata doguwa mai gilashi, ya ce ta zo ta gwada garinsa a gaban jama'a don a san ba daga wurinsa ba ne. Ya aika gida-gida cewa mata su zo su gani da idonsu. Ba wanda ya tilasta shi, shi ya tara mutanen da kansa.

Ranar Alhamis da safe aka fito da teburin yankana aka ajiye a ƙofar injin. Mata sun fi ashirin, wasu da goyo. Baffa yana ciki yana ta kakkaɓe buhuna, ba wasa ba dariya, amma ban kawo komai a raina ba. Baba ya ce ba daga kowane buhu za a ɗiba ba sai daga na Auta, mijinta ya kawo ragowar, da jan zarensa.

Mai gilashin ta yi bayani a taƙaice. Za ta danne gari a faranti, ta ɗiga ruwan wasu ƙananan kwalabe. In akwai sinadarin ƙarfe, jajayen ɗige-ɗige za su fito. Ta fara da garin da ta zo da shi don mu ga yadda abin yake. Kafin minti biyu jajayen ɗigo suka fito ko'ina, mata suka yi ta mamaki. Baba ya gyara hula yana murmushi. Sai ta ɗebi na buhun Auta, ta danne, ta ɗiga.

Muka jira. Garin ya jiƙe, ya tsaya fari.

Baba ya ce, "Ki sake."

Ta sake. Ta ɗebo daga garin da aka niƙa da safen nan, ta ɗebo daga na jiya. Faranti huɗu a jere, ba ɗigo ko ɗaya. Ta ce a hankali, "Baba, a buɗe mini ɗan injin."

Bai jira ta ba. Ya shiga ɗakin da likita ya hana shi, ba takunkumi ba komai, muka bi shi. Fitilar tana nan tana kyaftawa abinta. Ya kashe, ya kwance bututun, ya zura yatsa, ya zaro tsumma da aka cusa ya toshe bakin gaba ɗaya. Tsumman ya yi tauri, ya daɗe a wurin. Ya riƙe shi a tafin hannu ya juya wajen ƙanensa.

"Tun yaushe?"

Baffa ya share hannu a riga. "Yaya, mu shiga gida mu yi magana."

"Tun yaushe na ce!"

"Wata goma sha ɗaya."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba kunya a muryarsa, bayani yake yi kamar mai jiran a gode masa. Ya ce masu dafa abincin sayarwa na bakin tasha, waɗanda suka fi kowa kawo niƙa, sun ce garin yana yin duhu in an dafa, kuma za su koma wani injin. Ni dai shekara biyu na ci garin nan ban ga duhun ba. Ya ce ya faɗa wa Baba sau ɗaya, Baba ya ce su tafi in za su tafi.

"Kai kana benci, Yaya, ni ke ganin layi yana raguwa. Gida biyu ke ci daga injin nan. In na sake faɗa maka ba za ka ji ba, kowa ya san halinka. Sai na ga ba wanda zai cutu, ai da can ma haka ake ci ba hoda."

Mai gilashin ta tambaye shi inda hodar da ake ba shi duk Litinin take zuwa. Ya ce akwai wani abokinsa mai gidan kaji, shi yake ba. Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce, "To madalla, kaji sun samu jini." Ba wanda ya yi dariya.

Baba yana ta haki, ƙirjinsa yana kuka. Ya ce, "Har buhun Auta?"

Baffa ya kau da kai.

"Kana wurin na ce ta bar ƙwaya. Kana ji. Kai kake ɗaukar buhun ka kai mata. Ko ita kaɗai ba za ka cire tsumman nan minti goma ba?"

"In na cire za ka ga hodar ta ragu daban, ka tambaya. Yaya, gari ai gari ne."

Na ɗauka Baba zai mare shi, ko ya yi masa baki. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Makullin." Baffa ya ba shi. Sannan ya fito ya tsaya gaban matan nan da ya gayyato, da muryarsa da ba ta iya yin ƙasa, ya ce wata goma sha ɗaya ba komai a garin, duk mai ciki da mai ƙaramin yaro ta je a duba su, kuma shi ne ya yi ta faɗa musu akwai. Bai ambaci sunan ƙanensa ba. Mata suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ɗauki kwanon masararsu ba a niƙa ba.

Mai gilashin ba ta tafi ba sai da ta ƙara masa wadda ta fi zafi. Ta ce, "Baba, ko da hodar na shiga, garin ba ya maye ƙwayar mai ciki. Mun faɗa muku a bita." Ya ce, "Kun faɗa." Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ji ya sauko daga magana.

Jini leda biyu aka ƙara wa Auta, ɗaya daga mijinta, ɗaya daga mijina. Baba ya miƙa hannunsa aka ce shekarunsa da ƙirjinsa ba za su bari ba. Naƙuda ta zo saura mako uku. Ta sha wuya, ta zubar da jini, aka ƙara mata leda ta uku. Ta haifi namiji ɗan mitsitsi, ya yi kwana tara a kwalba kafin a ba mu shi. Dukansu suna raye, kuma ban san bakin da zan gode wa Allah da shi ba.

Baffa ya zo asibiti da ledar lemo, yana cewa komai rubutacce ne. Umma ta tare shi a baranda ta ce, "Tsumman ma rubutacce ne? Ɗauki lemonka." Har yanzu in aka zauna da shi yana cewa shi ya ceci injin, kuma akwai dangin da ke zuwa mana da maganar zumunci. Su yafe in za su iya. Ni ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mutumin da ya goya yarinya, ya riƙa kai mata buhu wata da watanni yana kallon leɓenta yana fari, ban san sunan da zan ba shi ba in ba maci amana ba.

Da aka sallame ta, malama ta ce ta ci gaba da shan ƙwayar wata uku, kullum bayan ta ci wani abu. Baba ya ce wannan aikin nasa ne. Ya karɓi fakitin ya sa a aljihu. Kullum da safe sai ya taka layi biyun nan, yana tsayawa a hanya yana hutawa, ya je ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya miƙa mata da kofin ruwa. Ni kuma ina zuwa yi wa jariri wanka, don haka muna haɗuwa.

Rana ta huɗu ya miƙa mata kamar kullum. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Baba." Ta ce bari ruwan shayinta ya ɗan huce tukuna. Ya yi wa jaririn wasa, ya yi mana sallama ya fita. Tana jin labule ya sauka sai ta buɗe tafin hannunta ta matso da shi kusa da ni.

"Yaya, duba mini. Wannan ɗin ce malama ta rubuta?"

Na ce, "Ita ce mana. Ba daga hannun Baba kika karɓa ba?"

Ta ce, "Na sani. Duba mini dai."

Na duba, na ce ita ce, sannan ta haɗiye. Da na fito zubar da ruwan wanka sai na same shi a bakin ƙofa a tsugune, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Mutumin da sai an ɗaga murya yake ji, ban san yadda aka yi wannan ta shiga kunnensa ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro fakitin ya miƙo mini.

"Daga gobe ke za ki riƙa ba ta."